Tudun da Kakanmu Ya Nuna wa Bature

Garinmu ƙarami ne, yana tsakanin Kura da Bunkure, inda babban kanal ya ratsa gonaki. Ina saurayi aka kawo ruwan nan. Da aka zo gyaran ƙasa, manyan motoci suka baje kwari da tudu da kan iyaka, aka sake yanka gonaki aka raba, har ya zama wanda ya gaji gonar ubansa ba ya iya nuna inda take a da. Wuri biyu ne suka tsira, saboda sun yi tsayin da ruwan kanal ba ya hawa: wani tudu a gabas da gari, wani a yamma. Aka bar wa awaki su.

Haka suka zauna shekaru masu yawa, sai a farkon shekarun dubu biyu ƙananan injinan ban ruwa suka yi araha. Mutum ya ɗora injinsa a bayan babur, ya jefa tiyo a kanal, ruwa ya hau duk inda yake so. Lokacin kuwa tumatir yana tashe, motoci suna layi a Kadawa ana lodin kwanduna. Jama'a ta ƙaru, gona ba ta ƙaru ba. Sai ido ya koma kan tuddan nan biyu. Kowa ya san a ɗayansu aka binne mutanen farko da suka kafa garin, tun kafin a buɗe makabartar da muke kai namu yanzu. Amma kabarin Musulmi ba ya daɗewa a sama, ƙasa ce ake tarawa, damina goma ta baje ta. Dagaci ya ce za a bar wanda ke da kaburbura, a raba ɗayan. Saura a san wanne ne.

A gidanmu ba mu taɓa shakka ba, saboda Gwaggo. Ƙanwar mahaifinmu ce, ita ce ta rage a cikin 'ya'yan kakanmu, kuma a lokacin ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi hazo, amma kanta garau. Tun ina yaro idan muka bi ta tudun gabas za mu ɗebo itace, sai ta tsaya ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta yi sallama a hankali, ba ta mayar da shi sai mun wuce wata tsohuwar aduwa. Ni sunan kakanmu aka sa mini, don haka ba ta kiran sunana, sai ta ce Mai-sunan-Baba.

Ni karatun allo na yi, na ɗan taɓa littattafai a zaure, kuma hannuna a ajami ba laifi. Ni nake rubuta wa mutane wasiƙa da addu'o'i, ni nake rubuta shaidar aure da ta rabon gado. Sau da yawa Gwaggo takan ce, "Mai-sunan-Baba, ka ɗauko alƙalaminka ka zo in faɗa maka mutanen tudu, ka sa su a takarda." Ni kuwa in ce, "To Gwaggo, bari a gama dashe." A gama dashe, in ce bari a gama tsinka. Allah Ya yafe mini, na rubuta wa baƙi abin da bai kai wannan ba.

Ina da ƙane, malamin sakandare ne a birni. Wata Juma'a ya zo gida da wasu takardu a cikin leda, yana murna tun daga bakin ƙofa. Wani abokinsa ne ya gano wani tsohon littafi a ɗakin karatu, na wani Bature da ya yi yawo a ƙasar nan a kan doki farkon zuwan Nasara, yana rubuta abin da ya gani da abin da aka faɗa masa. A ciki akwai garinmu. An ɗauko masa hoton shafukan.

Bayan la'asar aka taru a rumfar ƙofar gidan dagaci, ƙanena yana karantawa da Turanci yana juyawa da Hausa. Ban taɓa ganin dattawan garinmu sun yi tsit haka ba. Baturen ya ambaci ganuwarmu da ta rushe tun kafin a haife ni, da karofin rini da ke bayanta. Ya ce wani saurayi daga garin ne ya ja masa doki kwana biyu, kuma daga bakinsa ya ji yadda mutanen nan suke gane inda ruwa ke kusa ta wurin itatuwan da suka tsiro, da yadda suke ɗanɗana ƙasa da harshe su san wadda kanwa za ta taso mata, da labarin maharbin da ya biyo rafi ya fara kafa bukka. Bai faɗi sunan saurayin ba. Sunan dokinsa dai ya faɗa. Amma duk wanda ke rumfar ya san kakanmu ne, don labarin jan dokin Bature sananne ne a gidanmu. Na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

A shafi na ƙarshe akwai zane: gari, rafi, da wani tudu a yamma. Ƙanena ya ce a nan Baturen ya rubuta cewa saurayin ya kai shi ya nuna masa inda aka binne mutanen farko.

Wani dattijo ya ce, "Yamma?"

Ƙanena ya ce, "Yamma, Baba. Ga ta nan a zane."

Muka shiga gida wajen Gwaggo. Tana zaune a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ƙanena ya durƙusa ya karanta mata. Wajen itatuwa da ɗanɗanar ƙasa tana ta gyaɗa kai, tana ƙarasa maganar kafin ya ƙarasa. Da ya zo kan tudun yamma, sai ta ajiye ƙwaryar ta yi dariya har da tari.

"Ashe ya haɗiye! Wayyo Baba, ashe har a takarda ya sa."

Ƙanena ya ce, "Me ya haɗiye, Gwaggo?"

"Kai ɗan boko, matso ka ji abin da ba a koya maka ba."

Ta ce kafin Baturen ya iso, labarinsa ya riga shi. 'Yan dakonsa sun faɗa a kasuwa cewa a wani gari can baya ya sa an tone wani tsohon kufai, ya kwashe tukwane da duwatsun wuya, har da ƙashin kan mutum ya naɗe a tsumma ya sa a akwati. Da ya sauka a garinmu ya fara tambayar inda mutanen dā suke kwance, dattawa suka kira kakanmu gefe. Suka ce duk abin da ya tambaya ka faɗa masa gaskiya, don ya yarda da kai, amma wannan ɗaya ka kai shi yamma. Tudun yamma kuwa ba kowa a cikinsa sai gara da suri. Ya kai shi. Bature ya zagaya, ya sa aka ɗan tona bai sami kome ba, ya yi zanensa ya wuce. Tun daga ranar aka daina binnewa a gabas, aka bar ciyawa ta rufe, don kada wani baƙo ya sake ganin alama.

Ƙanena ya dube ni, ya dube ta. "Gwaggo, kina nufin kakanmu ƙarya ya yi? Mutumin da ya yi limancin garin nan?"

"Ya yi mana. Sau ɗaya. Ya kuma yi ta istigfari a kanta har ya koma ga Allah. Da bakinsa ya faɗa mini, ina tsefe wa innarmu kai."

"To me ya sa ba a taɓa jin wannan ba?"

"Abin da aka ɓoye ne za a yi shela da shi a kasuwa? Ubanku ya sani. Ku ne ba ku tambaya ba."

Ƙanena ya yi murmushi irin na wanda ba ya son musu da babba. Da muka fito zaure ya ce mini, "Yaya, tsufa ne. Ka duba fa, duk abin da ta sani littafin nan ya faɗa daidai. Don me zai yi kuskure a wuri ɗaya kawai?"

Wannan magana ta zauna mini. Ita ce kuma ta zauna wa mutanen gari da labarin ya fita. Littafin ya faɗi gaskiya a kan ganuwa, ya faɗi gaskiya a kan karofi da maharbi, to ai mai gaskiya ne. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa haka dattawan dā suka shirya abin. Sannan ba wanda yake son a ce limamin da aka yi alfahari da shi jiya a rumfa ya taɓa shirga ƙarya.

Bayan kwana uku dagaci ya tara masu unguwanni da manoma. Ya saurari ƙanena, ya saurari abin da aka kawo daga bakin Gwaggo, don ita ba ta fita taro. Sannan ya juyo gare ni.

"Malam, kai ne jikansa, kai ne kuma mai alƙalami. Ga maganar gyatuma, ga takarda. Wanne za mu bi?"

Mu da muka tashi a kan allo muna girmama rubutu. Ko guntuwar takarda muka gani a ƙasa sai mun ɗauke ta mun soke a jikin danga, ba ma tsallake ta. Ban taɓa raba wannan girmamawa da tambayar wane ne ya yi rubutun, wa ya faɗa masa, a cikin wane hali ba. Akwai kuma wani abu da ban faɗa wa kowa ba a ranar: gonata tana jingine da tudun gabas, kuma in aka raba shi ni ne farkon wanda zai samu. Ban ce wannan ne ya sa ni ba. Ban kuma isa in rantse ba shi ba ne.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Gwaggo uwata ce, ba na ƙaryata ta. Amma shekaru sun ja, mutum yakan haɗa labari da labari bai sani ba. Wannan kuwa an rubuta shi a lokacin da abin ya faru, kuma bai canja ba tun ranar."

Aka ce Malam ya yi gaskiya. Aka shafa Fatiha.

Ranar Asabar muka fita da gatura muka saro ƙaya, muka kewaye tudun yamma. Ni na ja addu'a a wurin, na roƙa wa waɗanda ke kwance gafara, jama'a suna amin. Sati na gaba aka shiga tudun gabas. Akwai itatuwa a kansa, aduwa da kanya biyu da wani marke mai kogo, da sauran ƙanana. Aka sare su, masu gawayi suka saye, aka tone kututturan aka ƙone saiwoyin. Tarakta ta zo ta bi ta kai sau biyu. Aka ja igiya aka raba wa mutum goma sha ɗaya, aka yi fangali, aka tayar da inji.

Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. In na shiga gaishe ta da safe takan amsa, ta tambayi iyali, shi ke nan. Ta daina ce mini Mai-sunan-Baba. Malam take cewa, kamar kowa.

Dashe ya kama, ya yi kore shar, irin wanda ƙasar da ta daɗe tana hutawa take bayarwa. Mutane suna wucewa suna sa albarka. Wata ranar Talata da hantsi ina zaure ina rubutu, maƙwabcina na gona ya shigo ko sallama bai gama ba. Shi rabonsa ya faɗo a can ƙololuwar tudun, ruwa yana wahalar isa, shi ne ya ce zai haƙa rami ya riƙa tarawa yana ja daga nan. Ya ce, "Malam, taso ka gani."

Ramin bai kai ƙugu ba. A gefe ya tara abin da ya fara cin karo da shi, fasassun tukwane manya, an jera su a kife kamar yadda ake rufe kabari a da. A ƙasansu ga mutum kwance a kan gefen damansa, fuskarsa tana duban gabas. Ƙashin ya yi ja kamar ƙasar. Ruwan ban ruwan jiya ya riga ya tsattsafo, ya kwanta a ƙarƙashin haƙarƙarinsa.

Na tsuguna a bakin ramin, na rasa abin da zan karanta. Ni da nake ja wa mutane addu'a. Daga baya muka kawo farin yadi muka rufe shi, muka mayar da tukwanen, muka tura ƙasa. Aka kashe injina. Kafin azahar gari duka ya hallara a kan tudun, kowa ya cire takalmi, ana tsaye a tsakanin fangali.

Dagaci ya ce a ɗauko Gwaggo ta nuna iyakar makabartar, a fitar da ita duka, duk wanda dashensa ya shiga ciki ya haƙura. Ba wanda ya yi musu a wannan rana. Ni na je ɗauko ta. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗa mata abin da aka gani. Ta ce, "An rufe shi?" Na ce an rufe. Ta ce, "Miƙo mini mayafina."

A amalanken shanu muka kai ta. Aka sauke ta a gindin tudun, na riƙe mata hannu. Ta taka ƙasar da tafin ƙafarta, ta ji laka, ta ɗaga ƙafar ta sake saukewa.

"Kai ni gindin aduwa. Daga nan ake farawa."

Muka dubi juna.

"Na ce ku kai ni aduwar."

Na ce, "Gwaggo, an sare ta."

"To kututturen."

"An tone."

"Kanya biyun fa? Marken?"

Dagaci ne ya ce, "Iya, duk an sare. Ki yi mana kwatance ko da hannu ne."

Ta ce ita ba da hannu ta san wurin ba. Daga aduwa ake miƙewa zuwa kanya ta fari, a karya dama zuwa ta biyu, a gangara marke, a dawo. Tsakanin aduwa da kanya maharbin ne da iyalinsa. Gindin marke mata ne, a nan uwar kakanmu take. Haka ubanta ya zagaya da ita yana faɗa, haka ta riƙe. Ta ce, "Ku tsayar da ni inda aduwar take, ko ba ita, zan iya."

Nan muka shiga nuna wa juna wuri. Wannan ya ce nan take, wancan ya ce a'a, ta fi kusa da hanya. Wanda ya sare ta da hannunsa ya tsaya a wani fangali ya rantse, ɗan'uwansa ya ja shi taki ashirin gaba ya rantse shi ma. Tarakta ta shafe kome, tudun ya zama shimfiɗa ɗaya, layin tumatir ko'ina iri ɗaya. Ni da na yi shekara hamsin ina wucewa ta gindin itaciyar nan, na duba gabas na duba yamma, ban san inda take ba. Na lura kuma kowa yana tura aduwar nesa da nasa rabon, har da waɗanda suka yi kuka ɗazu.

Gwaggo tana tsaye tana jin mu. Can ta ce, "Mayar da ni gida, rana ta yi zafi."

Abin da aka yi a ƙarshe shi ne, aka auna taki goma ta kowane gefe daga ramin maƙwabcina, aka kewaye da ƙaya. Kowa ya san makabartar gari guda ba za ta tsaya a nan ba. Amma ba wanda zai iya cewa ga inda ta tsaya, kuma ba wanda zai yarda a yi ta tona don a gani. Na bar nawa rabon, maƙwabcina ya bar nasa, wani tsoho ma ya bari. Sauran takwas suka ce iyalinsu za su ci abinci, kuma ba a tabbatar nasu yana ciki ba. Ban hana su ba, ni na ba su hujjar shiga tun farko. Bayan kwana huɗu aka sake tayar da inji.

Ƙanena ya zo da ya ji labari. Ya zauna a zaure, ledar takardun tana kan cinyarsa. Ya ce zai rubuta wa masu ɗakin karatun a gyara. Na ce wa za a gaya wa, mai littafin ya mutu tun kafin a haifi ubanmu. Ya ce haka ne. Littafin yana nan inda yake, duk wanda ya buɗe zai ga tudun yamma. Shi ma tudun yamman ba a cire masa ƙaya ba har yau, don ba wanda yake son ya zama shi ya fara. Yaran da aka haifa bayan nan suna yin sallama in sun bi ta wurin.

Da aka kwana biyu na ɗauki tawada da alƙalami da takarda na shiga wajen Gwaggo, ba ta kira ni ba. Na ce na zo in rubuta mutanen tudu. Ta ce to. Ta fara daga maharbin, ta faɗi matarsa, da 'ya'yansa biyu, da wani maƙeri, tana lumshe ido tana motsa yatsun ƙafa kamar mai tafiya. A na bakwai ta tsaya. Ta koma farko ta sake biyowa, ta sake tsayawa a nan. Ta ce daga nan sai an karya kwana a kanya, kuma ta kasa ganin kanyar. Na ce ta huta, zan dawo gobe. Na dawo gobe da jibi, ba mu wuce bakwai ba. Uwar kakanmu ma ta san tana gindin marke, amma waɗanda ke kusa da ita sun ɓace mata.

Ta rasu a farkon daminar shekarar, muka kai ta sabuwar makabarta. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan waɗanda muka sani da waɗanda muka ɓatar.

Rabon da na bari ciyawa ta rufe shi, amma ba shi da katanga, kuma ruwa ba ya tambayar iyaka. Duk ranar da maƙwabta suka yi ban ruwa yakan tsallako ta ƙarƙashin kunya ya jiƙa har cikin ƙayar. Nakan je da fartanya in toshe inda ya ɓalle, wani satin ya ɓalle ta wani wuri.